Dakta Anacleto Ya Ɓoye Bemol

Allah ya yi wa garin Vilarosa baiwa iri-iri. Ya ba shi zaitun, ya ba shi inabi, ya ba shi rijiyar da ba ta ƙafewa ko rani ya kai ina. Amma duk waɗannan ƙananan alherai ne in aka jera su da Dakta Anacleto Barradas. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya rage mudu in ana maganar darajarsa.

Ba likita ba ne, kada wani ya kai masa ciwon ciki. A ƙasar nan duk wanda ya shiga jami'a ya fito, Dakta ake ce masa. Anacleto kuwa ya shiga, ya kuma fito, ko da yake hunturu ɗaya ne tsakanin shigar da fitar. Ya yi aiki a ofishin ruwa na gunduma har ya yi ritaya, yana buga hatimi da irin natsuwar da Fada, limamin coci, yake buɗe littafin addu'a. An ce wani sabon mai raba wasiƙu ya taɓa kiran sunansa haka kawai, babu Dakta, sai Dakta ya ci gaba da karanta jaridarsa kamar da bango ake magana, har bawan Allah ya gane kurensa ya sako gaisuwar daga farko.

Ofishin ruwa dai neman abinci ne kawai. Asalin Dakta mutumin kiɗa ne. Vilarosa na da ƙungiyar badujala kamar kowane gari mai mutunci, wadda ke raka mutum-mutumin waliyyi in an fito da shi daga coci zagayen gari, ta raka amarya, ta raka gawa. Mahauci na ciki, mai kantin magani na ciki, direban motar haya da manoma duk suna ciki, kowa da ƙahonsa ko sarewarsa. Dakta ma yana ciki tun yana saurayi, kuma abin kiɗansa shi ne farantan nan biyu na tagulla da ake gwarawa. Kada a raina su. A kiɗa guda sau uku ko huɗu ake buƙatarsu, amma Dakta yakan bayyana cewa sauran masu busa duk share fage suke yi kafin lokacinsa ya zo.

"Kunnena," yakan ce a gidan gahawa, yana ɗan taɓa shi da yatsa kamar mai nuna gadon kakanni, "ba irin naku ba ne. In ƙuda ya wuce ta nan, zan gaya muku a kan wane amo fiffikensa yake. Wahala ce, ku gode wa Allah da bai ɗora muku ba."

Suka gode wa Allah, suka kuma raɗa masa suna Kunnen Zinariya. Da sunan ya dawo kunnensa sai ya ce ai ya daɗe da sanin mutanen garin nan ba su rasa basira gaba ɗaya ba.

A watan Nuwamban bara jagoran ƙungiyar, Mestre Belmiro, ya riga mu gidan gaskiya bayan ya yi fiye da shekara arba'in yana kaɗa musu sanda. Ya bar gida, ya bar gonar inabi, ya bar matarsa Dona Herminia, ya kuma bar sandar. 'Yar siririya ce, da toshiyar kwalba a gindinta wurin riƙewa, in ka tsince ta a hanya ba za ka sunkuya ba. Amma a al'adar ƙungiyar, matar marigayi ce ke ajiye ta har shekara ta zagayo, ran nan kuma a bakin kabari ta damƙa ta a hannun wanda zai gaje shi. Ba kwamiti, ba ƙuri'a. Wanda ta ba shi ne jagora, wanda ta hana sai haƙuri.

Dakta yana son sandar nan kamar ransa. Ba don kansa ba, a cewarsa, don tausayin kiɗa ne. Tun ranar jana'iza ya fara kai wa Dona Herminia ziyara da kwalin alewar ƙwai, ya zauna a falonta ya yi ta yabon marigayi ta hanyar da in ka saurara da kyau za ka ji cewa Mestre mutumin kirki ne da ya yi sa'ar zama kusa da Dakta. Ita kuwa tana saƙa, tana cewa, "Haka ne, Dakta. Ƙara gahawa?"

Kafin shekarar ta cika ya naɗa kansa Babban Mai Kula da Taskar Takardun Kiɗa, muƙamin da ba wanda ya yi takara da shi don ba wanda ya san akwai shi. Surukinsa da ke aikin gini a Faransa ya aiko masa da kwamfuta, a cikinta da manhajar rubuta kiɗa. Daga nan gari ya shiga uku.

Ga wanda bai taɓa duba takardar kiɗa ba: layuka biyar ne a kwance, baƙaƙen ɗige-ɗige na hawa da sauka a kansu, kowane ɗigo amo guda. Wani lokaci a gaban ɗigon za ka ga 'yar alama mai dogon wuya da ƙaton ciki, kamar ƙaramin harafin b. Sunanta bemol. Aikinta ta ce wa mai busa ya sassauto da wannan amon kaɗan. Ƙanƙanuwa ce, amma ita ce kamar lanƙwasar da ta raba baki da baƙi. Da ita ake sa kiɗa ya yi duhu har mutum ya tuna matattunsa. A cire ta, kiɗan nan dai ya washe haƙora.

Mestre Belmiro ya san mutanensa. Ya san mahauci yana busa yana tunanin farashin alade, ya san rabin masu sarewa tabaransu ya tsufa. Don haka a takardun da ya rubuta da hannunsa, duk inda ya ga mutum zai iya mantawa, sai ya sake sa alamar a cikin baka biyu irin na rubutu, ko da ƙa'ida ba ta tilasta ba. Masu kiɗa na kiran irin wannan alamar ladabi.

"Ladabi!" in ji Dakta a gidan gahawa, ranar da ya gano manhajar na iya cire su. "Wannan ne ladabi? In na gaya maka sunana da safe, na dawo da rana na sake gaya maka, ladabi na yi maka ko cewa na yi ba ka da kai? Marigayi, Allah ya jiƙansa, ya shagwaɓa ƙungiyar nan. Ya mayar da manyan mutane jarirai, yana ba su kiɗa a cokali. Mawaƙi na gaskiya ba a yi masa tuni. Ni da kuke gani, shekara nawa ina kiɗa, ba a taɓa rubuta mini bemol ko ɗaya ba."

Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Farantin tagulla amo ɗaya gare shi, shi ne ƙara.

A cikin manhajar akwai wata 'yar taga da ke tambayar yadda ake so alamomin su fito: a nuna su koyaushe, a nuna su cikin baka, ko a ɓoye su. Dakta ya ƙaunaci tagar nan. Duk zamansa a ofishin ruwa bai taɓa samun iko irin wannan ba, inda da danna yatsa ɗaya abu zai ɓace ba tare da ya kai ƙara wurin shugaban gunduma ba. Ya bi tsofaffin takardun Mestre ɗaya bayan ɗaya ya sake rubuta su, ya kori duk wata alamar ladabi. A zagayen waliyyi na bazara ƙungiyar ta yi ta tuntuɓe, masu ƙaho suna nan, masu sarewa suna can, har karnukan unguwar sama suka sa baki. Dakta ya ce alhamdu lillahi, jahilci ya fito fili, kuma fitowarsa ita ce matakin farko na ilimi.

Da kaka ta shigo aka gama tsinkar inabi, sai wahayi ya sauko masa. Zai tsara kiɗan makoki na kansa, a busa shi a bakin kabarin Mestre ranar cika shekara, shi kuma yana gaba yana jagoranta. In Dona Herminia ta ji, in hawaye ya wanke mata fuska, wa kuma za ta miƙa wa sanda? Ya sanar da gari cewa kada a buga masa ƙofa. Ya daina aske gemu. Matar da ke yi masa shara ta ce tana jinsa yana zagaya ɗaki yana gurnani kamar mai ciwon haƙori.

Karin ya zo masa cikin sauƙi ƙwarai, kamar dama can yana zaune a kansa yana jira. Ya shigar da shi kwamfuta amo bayan amo, a hankali, da nauyi, yana sassauto da wannan yana sassauto da wancan har ya yi baƙin ciki yadda ya kamata. Sai dai akwai abin da ake gaya wa manhajar tun a farkon layi, a ce mata kiɗan nan gaba ɗayansa mai duhu ne, don ta rubuta bemol ɗin sau ɗaya a can ta huta. Dakta bai gaya mata ba, don bai san ana gaya mata ba, kuma ba ya daga cikin ɗabi'unsa ya tambaya. Ita kuwa manhaja, baiwar Allah, sai ta bi kowane ɗigo ta liƙa masa nasa bemol a gaba. Da ya gama ya duba, shafin ya yi baƙi ƙirin da su, kamar ƙudaje a kan teburin mahauci.

Ran Dakta ya ɓaci.

"Har ke?" ya ce wa kwamfutar. "Ni za ki yi wa tuni? Ni?"

Ya zaɓe su duka, na ladabi da waɗanda ba na ladabi ba, don a idonsa duk fuskarsu ɗaya. Ya buɗe 'yar tagarsa, ya danna ɓoyewa. Shafi ya yi fes. Ya sa kwamfutar ta kaɗa masa don ya tabbata, ta kuwa kaɗa kiɗan nan da duk baƙin cikinsa, ba abin da ya ragu. Dalili kuwa, ɓoyewa ba gogewa ba ce. Kwamfuta ta san suna nan a cikinta, tana kuma bin su. Takarda ce ba ta sani ba, kuma takarda ake ba mutane. Dakta ya jingina da kujera ya share ƙwalla, ya ce lallai ko inji in ya samu mai tsawata masa yana gyaruwa.

Ranar Asabar da la'asar ƙungiyar ta taru a ɗakin gwaji da ke saman ofishin 'yan kwana-kwana. Dakta ya shigo da gyale a wuya da gemun wahayi, ya raba takardu da hannunsa, yana miƙa wa kowa kamar mai ba da lambar yabo. Sannan ya ce kafin kowa ya ɗaga ƙaho, a yi shiru a ji yadda abin yake daga tushe. Ya kunna kwamfuta.

A faɗi gaskiya, kiɗan ya yi daɗi. Ya shiga jiki. Dona Graciete mai kantin magani, wadda ke busa doguwar baƙar sarewa, har ta ciro hankici. Daɗin nan nasa ma shi ya kamata ya sa mutane su fara zargi.

Da kiɗan ya ƙare kowa ya duba takardarsa, ya dubi ta maƙwabcinsa, sannan ba tare da an yi shawara ba kowa ya zaro fensir. Ɗan badujala ba ya rabuwa da fensir. Ɗakin ya cika da ƙaras-ƙaras.

"Mene ne haka?" in ji Dakta.

"Bemol muke sawa, Dakta," in ji Dona Graciete. "Injin yana faɗarsu, takardar ba ta faɗa."

"Wato tuni kuke nema."

"Ba tuni ba ne, Dakta. Babu su ne kwata-kwata. Duba nan, duba nan kuma."

"Babu su a idonki, Dona Graciete. Suna nan. Yanzun nan kika ji su da kunnenki, har kika yi kuka, na gan ki. Ko kwamfutar ce ta yi ƙarya? Daga cikinta takardar nan ta fito. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Ya cire hularsa ya bi layi yana karɓar fensura, manya da tsofaffi suna jefawa ciki kamar masu ba da baiko a coci. Sannan ya hau ɗan dandamalin da Mestre ke tsayawa, ya gyara gyale.

"Abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan. Kowa so yake a riƙe masa hannu. Na kawo muku shafi mai tsabta irin wanda ake bugawa a manyan birane, kun zaro fensir za ku mayar da shi allon mai kanti. Ku sani, ranar da na karɓi ragamar ƙungiyar nan, fensir ya zama haramun a ɗakin nan. Mai kunne ya zauna, marar kunne ga ƙofa."

A can baya Custodio mahauci yana zaune, rungume da ƙaton ƙahonsa kamar buhun dankali. Ya ƙura wa takardar ido, leɓensa na motsi, yana bin ɗige-ɗigen yadda suke a rubuce, babu bemol. Can sai girarsa ta ɗaga. Ya koma farko ya sake bi. Sai tumbinsa ya fara rawa, ƙahon na rawa tare da shi.

"Custodio! Me ya ba ka dariya?"

"Wa? Ni? Haba Yallaɓai Dakta, kuka ne. Ni haka nawa yake zuwa, ta ciki yake farawa." Ya goge ido da bayan hannu. "Don Allah in yi tambaya. Haka za a busa shi ran nan? Yadda yake a takardar nan?"

"Ɗigo bayan ɗigo."

"A gaban Dona Herminia? Da Fada?"

"A gaban duk garin."

"Kai!" Custodio ya girgiza kai. "To gaskiya, Yallaɓai, wannan ya fi ƙarfin huhunmu. Mu 'yan ƙauye ne, sai mu ɓata maka. Irin wannan aikin sai mutanen birni, waɗanda in ka ba su takarda ba sa tambaya."

Dona Graciete ta buɗe baki za ta yi magana, Custodio ya taka mata ƙafa.

A duk tsawon zamansu tare, wannan ce magana ta farko mai ma'ana da Dakta ya taɓa ji daga bakin mahaucin, kuma ya gaya masa haka. Nan take ya sallami ƙungiyar daga aikin ranar. Ya ce suna iya zuwa su tsaya a cikin jama'a su koya. Washegari ya hau motar safa zuwa birni, ya ɗauko hayar masu busa daga makarantar kiɗa da kuɗin aljihunsa, mutane masu takardun shaida, masu baƙaƙen kwat. Shugabansu ya tambaya yaushe za a yi gwaji. Dakta ya yi murmushin tausayi, ya ce gwaji na masu shakka ne.

Ranar ta zo da sanyi da rana mai haske. Bayan an fito coci gari ya ɗunguma zuwa maƙabarta, mata cikin baƙaƙen kaya da furanni a hannu, maza riƙe da huluna, mai gasa kastanya, 'ya'yan wata bishiya da ake ci kamar gyaɗa, ya kafa murhunsa a bakin ƙofa yana ta hayaƙi. Dona Herminia na tsaye a gefen kabarin mijinta, jakarta a maƙale a hannu, kan sandar ya ɗan leƙo daga ciki. Dakta ya gan shi, ya haɗiyi yawu. 'Yan ƙungiyar garin kuwa sun zo gaba ɗayansu, ba wanda ya yi fushi ya zauna gida. Custodio ma har ya rufe shago, ya samu wuri a sahun gaba.

Mutanen birni suka sauko daga mota, suka kafa 'yan sandunan ɗora takarda, Dakta ya raba musu shafukansa masu tsabta. Shugabansu, wani dogo mai furfura da ya busa a jana'iza fiye da yadda zai iya tunawa, ya duba takardar, ya dubi kabarin, ya sake duba takardar.

"Yallaɓai, a gafarce ni. Wannan shi ne na makokin?"

"Shi ne."

"Na ga kamar..."

"Malam, ba ganinka na ɗauko haya ba, bakinka na ɗauko. Ku busa abin da ke gabanku. Kada ku ƙara, kada ku rage."

Dogon ya ɗaga kafaɗa. Ya taɓa busa wa wani attajiri kiɗan ƙwallo a kan gawarsa, don haka wasiyyar mutanen ƙauye ba ta ba shi mamaki.

Fada ya yi addu'a. Dakta ya fito gaba da farin safar hannu, tun da sanda ba ta zo ba tukuna. Ya yi jawabi gajere, wanda bai wuce a dafa ƙwai a ci a wanke tukunya ba, inda ya bayyana cewa yau Vilarosa za ta ji abin da jikokinta za su riƙa tambaya a kai. Ya juya ga masu busa, ya ɗaga hannu biyu, ya rufe ido. Ya ga manyan jagorori a talabijin suna rufe ido, kuma ya lura cewa mafi girmansu ba sa buɗewa sai an gama.

Suka busa abin da ke gabansu. Ba su ƙara ba, ba su rage ba.

Amon farko ya fita lafiya. Na biyu ma haka. A na uku, inda bemol na farko ya kamata ya ja kiɗan ƙasa, sai ya yi tsalle sama kamar ɗan akuya. Kawunan tsofaffi suka ɗago. Kafin a kai ƙarshen layi, mai ganga, wanda hannunsa ya san irin wannan kari ko bai san garin ba, ya ɗan ƙara sauri, sauran suka bi shi. Wani dattijo ya dubi matarsa, matar ta dubi ƙasa.

Ashe karin da ya zo wa Dakta cikin sauƙi ba daga sama ya sauko ba. Waƙar Tome ce, wadda ake yi a kowane biki a Vilarosa in giya ta fara aiki, labarin saurayin da ya je zance da sabon wando, akuyar surukai ta bi shi ta baya ta cinye. Dakta ya gwara mata faranti a bukukuwan da ba su ƙirguwa, har ta yi gida a kansa ba tare da ya sani ba. Da ya zauna neman wahayi ita ce ta fito, ya rage mata sauri, ya lulluɓe ta da bemol kamar mayafin takaba, ko uwarta ba za ta gane ta ba. Yanzu kuwa da hannunsa ya yaye mayafin, ga ta tsaye a tsakiyar maƙabarta tana rangaji.

Kafaɗu suka fara girgiza. Fada ya ɗaga littafin addu'a ya rufe fuskarsa har goshi. Custodio ya durƙusa ya dafa kabarin wani, yana bugun dutsen da tafin hannu. Dakta, ido a rufe, ƙahoni na ruri a fuskarsa, kunnuwan da tagulla ta daɗe tana daka suna iya ƙoƙarinsu, ya jiyo wani abu kamar shessheƙa daga bayansa. Zuciyarsa ta cika. Ya san za su yi kuka, amma bai zaci tun daga layi na biyu ba. Ya ƙara buɗe hannuwa, yana lilo a hankali kamar mai iyo a cikin zuma, masu busa kuwa sun yi gaba abinsu sun bar shi.

Sai Tia Zulmira, tsohuwar da ta haura casa'in, wadda ta manta sunayen 'ya'yanta amma ba ta manta waƙa ba, ta ɗaga murya daga kan keken da ake tura ta a ciki:

"Tome, Tome, ina wandonka?"

Garin da ya yi ta danne dariya har ciki ya yi ciwo ya ga ba sauran amfani. Maza da mata suka amsa baki ɗaya:

"Akuya ta ci, saura maɓalli!"

Suka yi baiti na biyu, suka yi na uku wanda ba a yi a gaban yara. Mai kastanya ya bar murhu ya leƙo yana tafi. Dakta ya ji muryoyi sun tashi sun haɗu da kiɗansa, hawaye ya ɓalle masa. Jama'a na rera abin da ya tsara, tun a jin farko! Ko a tarihin manyan mawaƙa bai taɓa karanta irin wannan ba.

Da amo na ƙarshe ya mutu ya sauke hannuwa a hankali, ya daɗe kansa a sunkuye don mutane su samu damar kallonsa. Sannan ya buɗe ido ya juyo. Ko'ina fuskoki jajaye, idanu jiƙe, mutane na jingine da juna. Ya ratsa su da tafiyar ƙasaita har gaban Dona Herminia. Ita ma hankici ne a bakinta, hawaye na bin kumatunta. Ya cire safar hannun dama, yatsa bayan yatsa, ya miƙa tafin a buɗe.

"Dona Herminia, kin ji da kunnenki. Ko amo ɗaya bai kauce ba. Yadda na tsara shi a raina, haka ya fito."

Ta sauke hankicin. Sai da ta ja numfashi sau biyu kafin murya ta samu.

"Na ji, Anacleto. Kowa ya ji, har na kwance." Ta goge ido. "Tun da Belmiro ya tafi ban yi dariya ba sai yau, wannan kam na gode maka. Shi ma da yana nan da sai an ɗauke shi."

Dakta ya dubi hagu, ya dubi dama. Sai yanzu ya lura cewa kukan garin nan duk da haƙora a waje ake yinsa. A can baya wani yana ta maimaita amshin a hankali, kuma wannan karon kalmomin sun iso.

Dona Herminia ta sa yatsa ta tura kan sandar cikin jaka, ta ja zif. Ta kama hannun nan nasa da ke miƙe, ta ɗan bubbuga shi da tausayi, ta ninke masa yatsun a kan iska.

"Alfarma ɗaya nake roƙo," ta ce. "In tawa ta zo, don Allah kada ka wahalar da kanka."